Tawul ɗin da Gwaggo Ta Ƙi Sa wa Hannu

Kafin jiniyar safe ta yi kuka, Gwaggo ta riga ta hau ɗakinta da ke saman zauren injunan saƙa. Takan tuɓe takalmi ta tura shi ƙarƙashin tebur, ta fiƙe fensir, ta shimfiɗa takardarta mai gida-gida. Kowane ɗan gida a takardar gashin tawul ne guda: inda ta cike, gashi zai tashi, inda ta bari, saƙa za ta kwanta. Shekara ashirin da takwas ta yi tana tsara tawul a masana'antarmu. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka duk masaƙa muke kiranta. Mutanen ofis kuwa Kafaffiya suke ce mata, a bayan idonta.

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikinta furanni ne da launi kawai. Ita kuwa ƙa'idarta ɗaya ce: ado a gefe, tsakiya ta jikin mutum ce. Duk inda aka kwantar da saƙa don a fitar da zane, wurin ba ya shan ruwa, don haka ba ta yarda fure ya zauna inda fuska za ta sauka. Kuma sabon tawul ba ya wucewa sai ta kai samfurinsa gida an yi wanka da shi, an wanke shi sau ashirin. 'Yarta ta ce tun tasowarta ba ta taɓa ganin tawul biyu iri ɗaya a gidansu ba. Mijinta kuwa cewa yake, "Ni ne ma'aikacinku mafi daɗewa. Aikina wanka, kuma har yau ba a ƙara mini girma ba."

Bara aka kawo mana sabon manaja, matashi mai kaifin baki, ya zo da nasa zanen: ƙaton fure a tsakiya, gashi kaɗan, sannan a tsoma tawul ɗin cikin maganin laushi, wanda ke sa shi santsi a hannu amma ya hana ruwa shiga. Dokar masana'anta kuwa, zane ba ya hawa inji sai Gwaggo ta sa hannu a katinsa. Lokacin saura mata shekara biyu ta yi ritaya da mutuncinta. Kowa ya ce mata ta rufe ido ta sa, har da ni, kuma ina jin kunyar hakan har yau.

Shugaban masaƙa yana wurin ranar da aka kira ta ofis, shi ya ba mu labari. Manaja ya shimfiɗa samfurin a kan tebur yana shafa shi.

"Gwaggo, taɓa ki ji. Mai saye da hannu yake saye, ai ba a kanti zai yi wanka ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji ta. "Amma daga kanti gida zai tafi."

Sai ta ɗauki kofin ruwan da ke gabansa ta juye a kan furen. Ruwa ya yi ƙwallo-ƙwallo, ya gangara bakin tebur, ya sauka a wandon manaja. Ta ɗaga tawul ɗin ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ga tawul, goge."

Ya goga, ya sake gogawa, wando na nan jiƙe sharkaf. Shugaban masaƙa ya ce sai da ya ciji leɓe har ya ji ɗanɗanon jini don kada dariya ta ƙwace masa. Manaja ya yi jifa da tawul ɗin, ya ce ko ta sa hannu yanzu, ko ta ajiye aiki.

"Ɗana, fensirin nan naku ne," ta ce, ta ajiye shi a gabansa. "Hannun kuwa da shi na zo, da shi zan koma."

Ba zan yi muku ƙarya ba. An samu wani ya sa hannu kafin sati ya zagayo, tawul ɗin ya fita, kuma ya sayu. Ita kuwa aka sallame ta babu taro, babu jawabi, ko hoto ba a ɗauka ba. Da na je gaishe ta na tambaye ta ko ta yi da-na-sani. Ta ce ta yi kuka, kuma ta yi kwanaki tana shiryawa da safe kafin ta tuna babu inda za ta. "Zafi kam na ji," in ji ta, "amma da-na-sani ban san shi ba."

Mai sharar ofis ce ta kawo mana ƙarashen labarin. Ta ce tawul ɗin da ke rataye a banɗakin manaja, wanda yake goge fuskarsa da shi kullum, tsohon zanen Gwaggo ne mai layi biyu a gefe. Mai sharar ta taɓa canza masa da sabon mai fure, ya ce maza ta dawo masa da nasa.

To, Gwaggo, tunda kamfani ya ƙi yi miki taro, ga namu taron a nan, wanda ya ji haushi ya ji. Ke ce kika tsaya wa mutumin da ba ki taɓa gani ba, wanda ya fito daga wanka yana rawar ɗari, da uwar da ke naɗe jaririnta. Ba su san ki ba, ba za su taɓa gode miki ba, shi ya sa muke gode miki a madadinsu. Kafaffiya suka ce, mun karɓi sunan, mun mayar da shi kirari. Allah ya ƙara lafiya, ya ja kwana.

Ku kuma da ake miƙo wa takarda a wurin aiki a ce ku sa hannu, mai duba gini ne kai ko mai awon magani, ranar da aka kawo muku abin da kuka san ba shi da kyau, ku tuna da matar nan. Ba na muku alkawarin za a tafa muku. Mai yiwuwa a kore ku kamar yadda aka kore ta. Ku ƙi duk da haka.