Carbin Mushe Isuhu

Shekarar da na fara aiki a ofishin kago, wato jigilar kaya, na Port Saeed na ji wata magana a bakin 'yan Nijar: wai shahon da ke ratsa samaniyar Dubai da kaka wucewa yake yi, gida za shi, har gonakinmu. Na yi dariya. A hannun kakata na tashi, na sha tatsuniya har na ƙoshi, in an ɗauko mini ita tun ba a yi nisa ba nake ganewa. Tsuntsun da ya samu ƙasar da ake zubar da nama a shara, me zai je yi inda ake jifansa saboda ɗan tsako?

Wata Talata ina tsakiyar cike takardun kwantena aka kira ni daga siton da abokina Isuhu yake aiki a Al Warsan, aka ce ya rasu. Zazzaɓin kwana shida ne, numfashi ya sarƙe, a wannan shekara ta korona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya fi kowa faɗa mini waccan magana, ni kuma na fi kowa ƙaryata shi.

Mutumin Damagaram ne, ya koyar a firamare kafin neman abinci ya kawo shi nan. Mutanensu Mushe suke ce masa, don haka suke kiran malamin boko. Ni kuwa Bakano ne, a wurinmu mushe abin da ya mutu ba yanka ne. Ga Damagarawa abokan wasanmu. Ai ban bar masa wannan suna ya huta ba ko sau ɗaya.

Kafin in san shi, labari ya zagaye Hausawan International City cewa akwai wani bawan Allah da ke tsayawa a bakin tafkin Al Warsan kowace safiyar Juma'a, idonsa a sama, yana jan carbi, ba ya kula kowa. Har masu neman biza sun fara aika masa roƙon addu'a. Na hau bas na je. Na same shi siriri, da madubin hangen nesa a wuya. Na yi sallama, ya amsa bai dube ni ba.

"Malam, wane wuridi ne wannan?"

"Shuwayya, dakata kaɗan, Alhaji, kar ka ɓata mini lissafi." Ya ja ƙwaya ɗaya. "Mikiya ce. Bon. Me ka ce?"

Ashe tsuntsaye yake ƙirgawa. Kowane shaho ko mikiya da ya gifta ya nufi kudu, ƙwayar carbi ɗaya. In rana ta yi zafi sai ya ɗaura zare a inda ya tsaya, ya rubuta a ɗan littafinsa da yake ce wa kaye. Masu neman addu'a kuwa bai taɓa yaudararsu ba. Yakan gaya musu gaskiya, sannan ya ɗaga hannu ya yi musu addu'ar irin ta kowane Musulmi.

A nan na ga halinsa. In tsuntsu ya yi nisa bai tantance shi ba, ba ya ja. Yakan ce, "Abin da ban gani ba, ba na rubutawa." In wani ya wuce sannan ya juyo, sai ya mayar da ƙwayar baya, ya ce, "Wannan ya fasa tafiya, irinmu ne."

Akwai wanda yake jira fiye da kowa, wani shaho mai ruwan toka, siririn fiffike, mai tafiya ƙasa-ƙasa, wanda ya ce fara yake ci a gonakinsu bayan an yanke gero. Ranar da ya ga na farko sai ya aika wa matarsa Rabi saƙon murya, kalma biyu: "Sun taso." Bayan wasu makonni ita kuma ta aiko daga ƙauye: "Sun iso." Shekara da shekaru suna haka, har a shekarun da bai samu zuwa gida ba.

Na ce masa, "Mushe, ba su ba ne. Naku daban, waɗannan daban."

Ya ce, "Kai Bakano, ka duba musu fasfo ne?"

Juma'ar ƙarshe da muka tsaya tare yana ɗan tari. Wata ƙatuwar mikiya ta sauko tana kewaya kanmu, inuwarta tana bin ciyawa. Na ce, "Yalla, Mushe, tashi mu tafi, wannan ta ji sunanka." Ya yi dariya har tarin ya ƙwace masa. Kwana goma sha ɗaya bayan haka muka sa shi a ƙasa, mu 'yan kaɗan, kowa da takunkumi, ba jirgin da zai kai shi gida. Na san wasa ne, shi ma ya sani. Amma har yau in inuwa ta gifta ta kaina ba na iya ɗaga ido nan take.

An kawo mini jakarsa. Carbin na ciki, zaren na ɗaure a inda ya tsaya. Da na kira Rabi na yi mata gaisuwa, ta amsa da haƙuri, sannan ta ce, "Baba Alhaji, bana bai aiko mini ba. Sun taso kuwa?"

Da na ce e, da magana ta ƙare. Bakina ya buɗe, sai na tuna mutumin da ba ya rubuta abin da bai gani ba. Na ce, "Ki ba ni lokaci, 'yata."

Na koma bakin tafkin, tsoho mai tabarau wanda bai san shaho daga shirwa ba. Juma'a ta farko ban ga komai ba sai jirage. Ta biyu na ga da yawa, ban tantance ko ɗaya ba, ban ja ba. Sau biyu na juya zan tambayi Isuhu. A ta uku, rana ta fara cizo ina shirin tafiya, sai ga shi saman ciyawa, ruwan toka, yana tangaɗi kamar mai neman abin da ya yar. Ya wuce ta inda Isuhu ke tsayawa, bai juyo ba. Na kwance zaren, na ja ƙwaya ɗaya. Na aika wa Rabi kalmomin nan biyu.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa ta baƙunta. Allah ya ba Rabi haƙuri, ya raya 'ya'yansu, ya sa mu cika da imani. Ni ma Allah ya yafe mini wasan da na yi masa.

Maganar nan da na ƙaryata kuwa, an sake faɗa mini ita shekaranjiya da hantsi. Saƙon murya ne, ana jin iska da karan gero a bayansa. "Sun iso, Baba Alhaji." Wadda ta faɗa mini ƙarshe ita ce Rabi, matar Mushe Isuhu, tana tsaye a gonarsa.