Kalilu Mai Duba Tarko

Kalilu ya fara goya tankin feshi tun gemunsa bai fito ba. A fadamar Argungu duk mai noman tumatir ko kabeji don kasuwar Birnin Kebbi ya san shi, shi da abokinsa Shamsu. Tare suke dama magani da hannu, su shiga gona suna feshi, iska na maido musu da shi a fuska. A lokacin ba mai duba ko akwai tsutsa. Mako ya zagayo, a fesa kawai.

Tarin Kalilu ya soma ne kamar mura. Da ta kai ba ya iya hawa gangaren gulbi sai ya tsaya ya huta, matarsa Asiya ta matsa masa suka tafi asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambayi sana'arsa, sannan ya ce kada ya sake kusantar maganin ƙwari har abada.

Ya daɗe zaune a gida, abin duniya ya ishe shi. Ana nan sai malamin gona ya kawo wa ƙungiyar manoman fadama tarkuna, aka shiga neman wanda zai riƙa zagaya su. Tarkon roba ce da ruwan sabulu, an rataya mata wani ɗan abu mai wari da ke jawo ƙwaron, ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi mai launin toka, wanda ƙwansa ke zama tsutsar da ke huda tumatir. Kalilu ya karɓi aikin. Da hantsi yakan bi gonaki a hankali, ya leƙa robobin, ya juya ganye yana neman ƙwai da farin zanen da tsutsa ke bari. In ya ga babu, ya ce wa mai gona ya dakata da feshi.

Wannan ne ya raba shi da Shamsu. Wata rana Shamsu ya tare shi a bakin gonar Alhaji Ja'afar, ransa a ɓace.

"Kai ka ce ma Alhaji kada shi yi feshi?"

"Ni na ce. Tarkon nai wayam yake."

"To mu mi za mu ci? Da wannan aiki kai ma ka riƙe gidanka."

Kalilu ya so ya amsa, tari ya sarƙe shi. Kafin ya lafa, Shamsu ya tayar da babur ya wuce. Har aka ci rabin rani ko gaisawa ba su yi.

Da zafi ya shigo, wata safiya Kalilu ya tarar da robobi sun yi baƙi da ƙwari. Bai aika kowa ba, da kansa ya taka har ƙofar gidan Shamsu, yana tafe yana hutawa. Ya miƙa masa takunkumi da safar hannu da ya sayo.

"Sun zo. Yau aikinka ne. Amma don Allah ka sa wannan."

Shamsu ya dube shi, ya ga yadda ya rame. Ya karɓa, ya goya tankinsa ya nufi fadama. An yi asarar wasu gonakin, mafi yawa suka tsira.

A raninsa na ƙarshe ƙafa ta ƙi. Shamsu ne ke ɗauko shi a babur, ya zaunar da shi gindin mangwaro, manoma su riƙa kawo masa robobinsu da ganyen da suka tsinko, yana dubawa yana gaya musu abin yi. Bayan an cire albasa Allah ya karɓi ransa, Shamsu ya yi masa wanka.

Ƙungiya ta miƙa tarkunan ga wani manomi, Hammadu. Har yanzu koyo yake yi.