Sadisu Mai Abuja a Ƙirji

Duk wanda ya san layin siminti a kasuwar Dei-Dei ya san wani dogon dattijo da ƙura ta mayar fari fat, kamar an juya shi a garin rogo. Sadisu ke nan, ɗan kawuna, taubashina. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne.

Ya zo garin nan shekarar da gwamnati ta tattara kujerunta daga Legas ta dawo Abuja. A bakinsa, shi ya ɗauko ta a ka. Gaskiya dai dakon siminti yake yi daga tirela zuwa shago, ni kuma ina sayar wa 'yan dakon da shinkafa da wake. Amma ku shiga gari da shi ku sha labari: Sakatariyar gwamnati shi ya gina, wancan benen da waccan gadar ma shi. Ko banɗakin tasha bai bar wa kowa ba.

'Yan dakon siminti suna da aƙidarsu. Kowa na tari, maganinsa kuma madarar gwangwani. Da yamma za ka gan su jere a benci, an huda gwangwani da ƙusa, ana tsotsa kamar 'yan maruƙa, wai tana wanke ƙirji. Wanda ba ya tari ma raina shi ake yi, a ce bai yi aiki ba. To da tarin Sadisu ya fi na kowa, sai ya ɗauka muƙami ya samu.

"Mero, kin ji wannan?" Ya saki tari kamar ana tayar da tsohuwar gingimari. "Sakatariya ce ke motsi."

"Sakatariyar ce ke jiƙa maka tabarma da gumi? Matarka ta gaya min."

"Hassada dai."

Ya ƙara madara. Wando ya fara zamewa, ya ƙara wa bel huji. Daga nan sai kemis ɗin James, wanda ke cewa taifod tun kafin mutum ya zauna. Daga James sai mai lasifika a kan mota, wanda ruwan jarkarsa ɗaya ke maganin basir da sammu da rashin miji. Sadisu ya shanye jarka. Tari na nan, mijin ma bai samu ba.

Sai da ya tofar da jini a kan buhu, ogansa ya ce kada ya ɓata masa kaya, sannan aka kai shi asibiti. Tarin fuka ne. Wata ma'aikaciya, Christina, ta ba shi ƙwayoyi kyauta, ta ce wata shida ba fashi. Ya sha har kumatu suka dawo. Sai zumunci ya motsa. Abokinsa Wakili ma na tari, kuma a layinsu ba a cin abu a ɓoye, gwangwanin madara ma zagayawa yake yi. Ya raba ragowar biyu, rabi ga Wakili, rabi ya ajiye saboda gaba.

Gaba kuwa ta zo. Tari ya dawo da 'yan rakiya. Ya kwashe ajiyarsa ya sha, shiru. Asibiti kuwa ya ƙi komawa, don ya riga ya rantse wa Christina cewa ya shanye. Ya koma madara.

Abin da ya karya shi cikin Khaula ne, 'yarsa da ke aure a Tungan Maje. Kowa ya san burinsa: shi zai yi wa jikansa na farko huɗuba, baki a kunne, ya tauna dabino ya lasa masa. Har gwajin murya yake yi a bayan tirela. Dabinon ma ya saya tun cikin bai fito ba.

Khaula ta same ni. "Gwaggo, ni ba zan iya kallon idon Baba in faɗa ba."

Ni kuwa ina iyawa. Na zuba masa shinkafa, na bari ya kai loma.

"Saƙo daga Khaula. Da wannan tarin ko ƙofar mai jego ba za ka leƙa ba. Baban mijinta zai yi huɗuba."

Ya ajiye cokali. "Wancan mai fentin? Mutumin da bai taɓa ɗaga buhu ba?"

"Shi. Ga murya mai daɗi."

"Mero, ke wace irin 'yar'uwa ce?"

"Irin wadda ba ta son cin shinkafar sadakar ukunka. Na san matarka, gishiri take cikawa."

Washegari na tasa shi gaba, da Wakili a baya. Christina ta karɓi kakinsa aka sa a na'ura. Ta ce saboda shan rabi da rabin nan, tarin ya saba da ƙwayoyin, ba ya jin su kuma. Sai wani maganin daban mai dogon zango, kuma sai ya yi nesa da jarirai tukuna.

"To simintin fa, 'yata? An gani?"

"Baba, ko cokali ɗaya."

Wallahi wannan ya fi cutar yi masa ciwo.

Haihuwa ta zo yana kwance a asibiti da takunkumi a hanci. Mace aka samu. Khaula ta kira shi, ta kara wayar a kunnen jaririya, ya fara kiran salla daga can. A tsakiya tari ya sarƙe shi. Mai fenti da ke tsaye a gefe ya gyara murya.

"Malam Sadisu, in ƙarasa?"

"Kada ka kuskura!"

Ya ja numfashi ya kai ƙarshe da kansa. Dabinon ni na cinye, don kada ya lalace.

Yarinya ta fara zama kafin Christina ta ce kakinsa ya fita tas, ko da yake har yanzu a gabanta yake haɗiye ƙwaya, ta duba ƙarƙashin harshe. Ranar da aka miƙa masa jikar, ya karɓe ta da hannu biyu. Ya ɗaga ta ya auna, ya ce ko rabin buhu ba ta kai ba. Ita kuma ta dube shi ta kelaya masa tumbuɗi a ƙirji.

Na ce, "Ga madararka nan, Sadisu. Daga yau ta waje ma ta ishe ka."