Ruwan da na bari na tafi neman sigari

Ni ne da laifi, kuma tun ranar da abin ya faru na san haka. A lokacin ina saurayi, ina zaune a gidan kawuna a wani ƙauyenmu na Jazira a ƙasar Sudan, don shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Karatuna bai yi nisa ba. Aikina noma ne a hawasharsa, gonar da muke ba ruwa daga tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma. Na koyi shan sigari a wajen masu tsinkar auduga, har ta kai ba na iya awa biyu ban kunna ba. Ban taɓa sha a gaban Kawu ba, amma in ya ji warin rigata yakan tambaye ni ko a murhu na kwana.

A shekarar mun shuka alkama. Maƙwabcin gonarmu wani dattijo ne, aminin Kawu tun suna yara, Baba muke ce masa. Shi ya riga ya ba tasa ruwa, har ta fara tsiro. Ranar da layin ruwa ya zo kanmu, Kawu ya kai matarsa asibiti a Madani, ya bar ni da aikin. Ya ja mini kunne kada in gusa, da fage ɗaya na gonar ya cika in toshe in buɗe na gaba, domin sabuwar alkama ba ta jure ruwa ya kwanta a kanta. Da hantsi na laluba aljihu na ji kwalin sigarin babu ko kara ɗaya. Na daure kaɗan, sai na ce wa kaina dukkan, wato kantin ƙauyenmu, ba nisa, kafin fagen ya cika na dawo. Na tarar mai dukkan ya rufe ya tafi gaisuwar mutuwa. Na zauna jiransa. Ina ganin inuwa tana matsawa, na san ruwa yana gudu, amma na kasa tashi. Sai da azahar ya dawo.

Da na koma, ruwa ya fasa kunyar da ta raba mu da Baba, fiye da rabin gonarsa ya zama tafki. Na yi sauri na toshe ruwan. Da yamma na gaya wa Kawu ina tsaye a wurin, Baba ne bai toshe bakin ruwansa da kyau ba. Kawu bai yi mini tambaya ta biyu ba. Ya je ya sami Baba, magana ta yi zafi. Baba ya ce tun ba a haife ni ba yake toshe ruwa, bai taɓa barin ko na alwala ya zurare ba. Kawu ya ce tsufa ba ya sallama in zai shigo. Daga ranar suka daina gaisawa, ga lokacin sake shuka yana wucewa, ba a san wanda zai kawo iri ba.

A kwana na huɗu dattawa suka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mai dukkan yana cikinsu, kallona kawai yake yi. Baba ya ce shi ba ya son dogon zance, in dafa Alƙur'ani in ce ban gusa ba, ya haƙura. Kawu ya miƙe a fusace, ya ce marayan da ya raina da hannunsa ba za a ja shi rantsuwa ba, shi zai dafa cewa ɗan 'yar'uwarsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Liman ya tuna masa ba ya nan ranar, Kawu ya ce ya ji. Ya ɗauki buta ya tsuguna yana alwala. To abin da ya sa na rubuto muku ke nan. A daidai lokacin, hannuna yana cikin aljihu yana shafa kwalin sigari, ina lissafin yaushe za a tashi in zagaya bayan masallaci in kunna. Mutumin da ya ciyar da ni yana shirin ɗaukar rantsuwa a kan ƙaryata, ni kuma hayaƙi nake tunani. Da na gane haka tsoro ya kama ni. Yana wanke ƙafar hagu na tashi na ce kada ya dafa, na faɗi inda na je da abin da ya kai ni. Kawu ya sa takalminsa da jiƙaƙƙiyar ƙafa ya wuce gida. Baba ma ya kakkaɓe jallabiyarsa ya tafi.

Daga ranar na ƙudurta barin sigari, amma barin ta bai zo da sauƙi ba. Na yi makonni da ciwon kai da saurin fushi, asuwaki ba ya barin bakina, shayi kuwa har na daina ƙirgawa. Sau ɗaya na koma, na sha rabin kara na yar. Mun sake shuka gonar Baba da irinmu, amma lokaci ya ƙure, abin da ya girba bai kai rabin na shekarar da ta gabace ta ba. Ina roƙon samari 'yan'uwana masu shan sigari, masu cewa duk ranar da suka ga dama za su bari, su gwada ranar da kwali ya ƙare alhali an ba su amana. A nan mutum yake sanin wa ke juya wani.

Duk watannin nan ina yi wa Baba aiki, amma ban nemi gafararsa ba. Sai bayan sussuka na same shi zaune a gefen buhunansa 'yan kaɗan. Na durƙusa na ce masa ni na lalata masa abincin shekara, na kuma ɗora masa laifin a gaban mutane da furfurarsa, na raba shi da amininsa, duk saboda karan sigari. Na ce ba ni da abin da zan kare kaina da shi, ya dubi girman Allah ya yafe mini.