Wa Zai Duba Mini Ruwa, Mwatima?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran aminiyata Mwatima Faki a ɗakinta da ke bakin gaɓa, nan tsibirin Pemba. Ni Mwanaidi ina shanyar kifi aka zo aka faɗa mini. Sai da na ƙarasa shanyar na tashi.

Mwatima, tun muna 'yanmata muke shiga tare idan teku ta janye, mu bi kan duwatsun murjani da sandunanmu muna zaƙulo pweza, dabbar ruwan nan mai hannu takwas, daga ramukansa. Iyayenmu ba su yarda mace ta shiga ita kaɗai ba. Ɗaya ta duƙa, ɗaya ta tsaya duban ruwa, domin in zai dawo ba ya sallama, ta baya yake zagayowa ya cika kwarin da ke tsakaninki da gaɓa. Ke ce mai duƙawa, ni ce mai tsayuwa, in kika gaji mu sauya.

Ke kika sa na daina kallon murjani a matsayin dutse. Kika ce ƙananan halittu ne da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, kowace ta gina wa kanta ɗan ɗaki mai tauri. In ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kai, haka har ginin ya tare mana igiyar ruwa, kifi ya samu wurin haihuwa. Ba su son komai sai rana da ruwa mai tsabta, kuma a shekara da ƙyar reshe yake ƙara tsawon yatsa.

Shi ya sa ranar da Kombo masunci ya jefa ƙugiyar jirginsa ya farfasa wani kurmin murjani guda, kika bi shi har kasuwar kifi. "Kai Kombo, kakanka yana goye aka fara ginin nan, ka zo ka rushe shi kafin karin kumallo? Allah ya shirye ka." Ya yi dariya ya sa miki suna uwar duwatsu. Da matarsa ta haihu, ke kika fara kai musu shinkafa da madarar kwakwa.

Rassan da ya karya kika tsince, kika cusa su a tsagogin dutse, duk janyewar ruwa ki goge musu gansakuka da ɓawon kwakwa don kada ta shaƙe su. Ni kuwa ba abin da ban faɗa ba. Na kira shi wahalar banza, na ce wanda zai ci kifin wurin nan ko uwarsa ba a haifa ba. Ba ki taɓa ɗago kai ba, sai dai ki ce sannu ba ta hana zuwa. Yau sun kai mini gwiwa.

Da ciwo ya kwantar da ke, su kika bar mini amana. Na nemi abokiyar shiga ban samu ba. Sa'o'inmu sun ƙare, yaran yanzu suna can wajen noman ciyawar teku, ban kuma ga laifinsu ba.

Ranar Asabar na tafi ni kaɗai. Na duƙa ina gogewa, ina ba ki labarin masu zuwa gaisuwa, na manta cewa ba kowa a tsaye bayana. Ban farga ba sai da ruwa ya kai mini ƙugu, hanyar gida ta shafe. Ɗana Hamadi ne ya hango ni, ya zo da kwalekwale ya tsamo ni. Da muka isa gida ya ɗauke sandana ya ce, "Mama, ke da teku kun gama." Kin san bakina, amma na bar masa sandan. Gaskiyarsa ce. Ba zan iya riƙe amanarki ba, Mwatima, kuma ina kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa abin da kika dasa ya zama sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Mzee Makame, da 'yarki Zuhura da ke Tanga, da jikokinki. Allah ya ba su haƙuri. In da sauran haƙurin, ni ma a sam mini.