Ranar Da Injin Gwaji Ya Wanke Ni

Ni mutum ne mai riƙo, ban ɓoye ba. Cikin abubuwan da na riƙe, guda ɗaya ne mai daɗi, shi kuwa sai dai in tafi da shi kabari.

Na bar lekwal tun ina aji biyu na kwaleji, na kama gyaran waya da ordinatar, wato kwamfuta. Da furfura ta fara fito mini sai na samu aiki a wani ƙaramin biro a unguwar Maourey, inda ake rubuta manhajar nod. Nod shi ne injin da ke riƙe da kwafin kundin kuɗin kirifto, yana tantance duk abin da ya shigo. Masu digiri suna rubutu cikin sanyi, ni ina bayan gida da batura da ƙura. In abu ya yi kyau, nasu ne. In ya lalace, a nemo tsoho.

Sai aka ɗauko wata mata Bazabarmiya, haihuwar Gaweye, Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana tuntuɓe. Aikinta gina abin gwaji: duk lokacin da aka taɓa manhajar, ya maimaita mata tsofaffin jarrabawa, a ga ko abin da ke aiki jiya yana nan bai karye ba. Kore lafiya, ja matsala.

Wata safiya ta same ni ina goge kan batir.

"Kawu, me ke kashe inji a garin nan?"

"Ke da kika yi karatu ba ki sani ba?"

"Da na sani, da na tsaya cikin wannan zafi ina kallon ƙeyarka?"

Na yi dariya ba da sona ba. Na ce mata ba ɗaukewar kuran, wato lantarki, ke kisa ba. Ya ɗauke, ya dawo, inji na cikin tashi ya sake ɗaukewa, wannan na biyun shi ne ajali. Ta rubuta a takarda. Shekara ashirin ina faɗin wannan magana, ranar aka fara rubuta ta. Muka yi mako guda, na haɗa mata ɗan makunni da manhajarta ke umurta ya yanke wutar injin gwaji da gaske, sau biyu a jere, nod na tsakiyar rubutu. Gwajin duka yana cin awa uku, patoro, mai biron, kullum yana tsaki.

Bayan wasu watanni, nod ɗin wani babban ɗan kasuwa a kasuwar Katako ya mutu bayan an ɗauke kuran, kundinsa ya dagule. Ni na ja masa wayar kuran. Patoro ya kira ni gaban kowa.

"Tsoho, aikinka ne. Ka ajiye makullai, daga yau mun rabu."

Ina da iyali, kuma a shekaruna wa zai ɗauke ni? Na buɗe baki zan yi zagi, sai Bazabarmiyar nan ta miƙe.

"Patoro, ka ba ni zuwa la'asar. In laifinsa ne, ni da kaina zan raka shi ƙofa."

Ta jera injina huɗu, ta zuba wa kowanne manhajar mako daban, daga tsohuwa zuwa wadda aka kai Katako. Makunnina ya yi ta ƙas, ƙas. Na zauna kan kwali ina gumi, ko ruwa na kasa sha. Na farko kore. Na biyu kore. Na uku kore. Na huɗu ya tashi, aka yanke, ya tashi, aka yanke, bai sake tashi ba. Ja.

Ta buɗe abin da aka canza a wannan makon. Layi kaɗan ne, patoro da hannunsa ya cire matakin da ke tabbatar da rubutu ya zauna a faifai, don nod ya ƙara sauri. Ya kuma tsallake gwajin, saboda ranar Juma'a ce, ba ya son jiran awa uku.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya masa allon kawai ta ce, "Ga shi. Wayar Kawu lafiyarta ƙalau."

Haƙuri patoro bai ba ni ba, har yau. Cewa ya yi, "To, koma bakin aikinka." Ita kuwa kafin ta tashi ta ɗaure manhajar yadda ba mai iya fitar da sabuwa sai gwaji ya yi kore, ko da patoro ne.

Na yi mata godiya, ta ce, "Ba don kai na yi ba, Kawu. Da ja ya nuna ka, da ka tafi."

Wannan maganar ta fi mini komai. Abin da na koya ke nan: talaka marar takarda ba tausayi yake buƙata ba. A auna aikin kowa da ma'auni ɗaya, a sake aunawa duk ranar da aka taɓa shi, ya ishe shi.