Ranar da aka kawo mata abinci har tebur

Sau biyu na shiga Yola a rayuwata. Zuwan farko a bayan motar kaya ne, shekarar da masu bindiga suka shiga garinmu can wajen Mubi, ni da uwargidana da kayan da ke jikinmu. Wata bakwai muka yi a sansanin 'yan gudun hijira. Garin kansa ban gan shi ba, sai dai ƙarar motocinsa daga bayan shinge.

A sansanin layi ake bi a karɓi abinci. Mata layinsu daban, kowace da kwanonta, rana tana dukan kawunansu. Uwargidana Bafulatana ce, irin tarbiyyar da ko a gida ba a cin abinci gaban mutane, ba a kuma buɗe baki a ce ana jin yunwa. Wata bakwai tana miƙa kwano a bainar jama'a. Ranar da muka koma gida ta ce da ni ita da abincin layi har abada, ko ita ta bi, ko wani ya bi mata. Sau ɗaya ta faɗa. Amma tun daga nan, ko a gidan biki aka ce a taso a karɓa, sai ta ja mayafinta ta fice.

Zuwa na biyu bara ne, bayan mun cire gyaɗa. Na ce mata mu je mu ga garin nan kamar yadda baƙi ke ganinsa. Muka sauka gidan wani ɗan'uwana a Nassarawo, washegari muka hau keke mai ƙafa uku muka zaga kasuwar Jimeta, tana taɓa atamfofi ba ta saya. Ni kuwa niyyata guda ce: in kai ta gidan abinci, ta zauna, a ɗauko a kawo mata har gabanta.

Bayan azahar muka samu wani wuri kusa da kogi. Rumfa ce babba, teburan roba, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Daga kujerarmu ana hango Binuwai a cike, ruwan ya yi launin kunun gyaɗa, wani kwalekwale yana tafiya a kai a hankali har ka rasa ko tafiya yake ko tsaye. An rubuta sunayen abinci a allo jikin bango. Shekarata biyu ke nan a ajin yaƙi da jahilci, don haka na karanta mata su ɗaya bayan ɗaya: tuwon shinkafa, sakwara, farfesun kifi. Ta ce tuwo da kifi, idonta a kan ruwa.

Muka zauna muna jira a zo a yi mana maraba. A wurinmu baƙo ba ya kiran abinci. Zama yake yi, a kawo masa ruwa, a tambaye shi hanya, sauran ya biyo baya. Mace ɗaya ce ke hidima a wurin, doguwa, da tire a hannu da waya maƙale a kafaɗa. Ta wuce mu ya fi sau biyar. Wani mai babbar riga ya shigo yana kaɗa makullin mota, kafin ya gyara zama an ajiye masa kwano.

Da ta sake giftawa na yi mata sallama, na tambaye ta aiki da mutanen gida.

"Baba, lafiya lau. Me za ku ci?"

Na faɗa mata.

"To ka je kanta ka bi layi. Can ake ɗauka."

"Ai na ga an kawo wa wancan bawan Allah."

"Shi kullum yana zuwa. Kai ma in ka shekara kana zuwa, har wanke maka hannu zan yi."

Na duba inda ta nuna. Mutum shida ko bakwai a tsaye, kowa da faranti a hannu. Uwargidana ita ma ta gani. Sai hannunta ya tafi neman bakin mayafi.

"Zauna," na ce mata. "Ba wanda zai tashi."

"Malam, mu tafi. Ni ba na jin yunwa."

"Tun da na aure ki ba ki taɓa jin yunwa ba. Zauna ki kalli ruwa."

Na ce da mai hidimar, "'Yata, mu baƙi ne, daga nesa muke. In kin samu sarari ki kawo mana. Ba sauri muke ba."

"Za ku daɗe fa."

"Mun iya."

Muka daɗe kuwa. Aka ɗauke wuta, fankar ta yi juyi biyu ta tsaya. Iskar kogi ta maye gurbinta, mai ɗumi, da ƙamshin laka da hayaƙin kifi. Inuwar rumfar ta taso daga ƙafafunmu ta hau tebur. Wasu fararen tsuntsaye suka bi ta saman ruwa a jere, uwargidana ta ce irin su ne ke bin shanun babanta tana yarinya, har ta fara ba ni labarin wata saniya da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai an yi mata waƙa. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa jin labarin nan ba. Ina sauraro, ƙarar cokula tana nisa tana dawowa, na ji kamar teburin namu ya saki ƙasa yana bin kwalekwalen. Ban san ko gyangyaɗi na yi ba.

Sau biyu na tuna wa mai hidimar. Na farko ta ce tana zuwa. Na biyu ta ce abokiyar aikinta ba ta zo ba, ita kuma hannu biyu Allah ya ba ta. Na ce Allah ya ƙara mata ƙarfi. Ta harare ni, don ta zaci gatse nake.

Har aka kira la'asar. Na je bakin rumfa na yi salla na dawo, na tarar layin ya watse, wurin ya kusa zama fanko. Sai ga ta da tire. Ta dire shi a gabanmu har miya ta fantsama.

"Tuwo ya ƙare. Kifi ma kai ɗaya ne ya rage. Wallahi, Baba, ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba."

Shinkafa ce ta ƙasan tukunya, ta huce, da kan kifi guda yana kallon sama. Ba cokali, ba ruwan sha. Na buɗe baki zan yi magana, sai uwargidana ta riga ni.

"Useko," ta ce mata, wato godiya da Fillanci.

Matar ta ɗan tsaya, ta dube ta. Ta juya ta tafi, ta dawo da buta da roba, ta zuba wa uwargidana ruwa a hannu.

Na ɗauka za ta ce a ƙulle mata a leda ta ci a gida, kamar yadda ta saba. Sai na ga ta gyara zama, ta ture mayafi daga hannun dama, ta yi bismilla. Akwai maza biyu a teburin da ke gefenmu, ba ta ko juya musu baya ba. A hankali ta ci, tana zare ƙaya tana jerawa a bakin faranti, idonta yana zuwa kogi yana dawowa. Ni ban sa hannu ba sai da ta turo mini farantin.

"Ci mana, Malam," ta ce. "Ka tsaya kana kallona kamar baƙuwa."